Na Sayi Gida, Ban Sayi Ɗorawa Ba

Lokacin da wannan abu ya faru na riga na haura shekara sittin, na ajiye aiki, kuma a ganina babu sauran abin da wani zai koya mini game da zama da mutane. Ni mutumin Argungu ne, amma tun ina saurayi na bar gida na shiga harkar manyan motocin ɗaukar kaya, daga ɗan kamasho har na zama wakilin masu motoci. Aikin ya zaunar da ni a Ikko, ya kai ni Kwatano, na daɗe a Kumasi, na ɗan taɓa Yamai. Ina jin Yarbanci da Faransanci da Turanci, yaren Asante kuwa har ciniki nake yi da shi a rage mini. Matata 'yar Zuru ce, a Ikko muka haɗu tana zaune wajen yayanta soja. Abin kunyar shi ne duk wannan tarin harsunan da nake alfahari da su, nata yaren, C'lela, ban taɓa zama na koya ba. Gaisuwa kawai na iya, ita ma a karkace.

Duk rayuwar aurenmu a gidan haya muka yi ta. Duk lokacin da mai gida ya ce mu tashi, ko aiki ya mayar da ni wani gari, sai in ga matata ta zauna ta fiddo tsofaffin zannuwanta tana naɗe kwanoni ɗaya bayan ɗaya. A Kumasi wani mai gida ya taɓa yi mata faɗa a gaban jama'a don ta kafa ƙusa a bango ta rataya matankaɗi. Ran nan ta ce da ni ita ba ta roƙi bene ba, burinta a duniya ta kafa ƙusa a bangon da ba wanda zai ce ta cire. Na yi mata alkawari in Allah ya kai mu, a garinsu za ta kafa ta.

A wajen shekarar dubu biyu da biyar, daidai lokacin da wayar hannu ta fara shigowa ƙananan garuruwa, muka tattara muka komo Zuru. Garin ya kwanta mini tun ranar farko. Ɗan kabu-kabu zai kai ka daga wannan ƙarshe zuwa wancan kafin ku gama gaisawa. Da wuya ka shiga gida ba ka ga hoton wani da kaki rataye a bango ba. A gida ɗaya sai ka tarar wa yana zuwa coci, ƙane yana zuwa masallaci, tuwonsu kuma a tukunya ɗaya ake tuƙa shi. Ga duwatsu, ga hatsi da araha, ga barci ba ƙarar jiniya. Dillali ya nuna mana wani gida a bakin gari, ta wajen hanyar Dabai: ɗakuna huɗu rufin kwano, rijiya a tsakar gida, fili wadatacce, tsohuwar katangar ƙasa duk ta zube. A kusurwar gabas kuma ga wata ƙatuwar ɗorawa, inuwarta ta isa taron suna.

Mai gidan tsohon soja ne, zai koma Kaduna wajen 'ya'yansa. Ranar da aka ƙulla ciniki a gaban mai unguwa da shaidu, ya dube ni ya ce akwai magana ɗaya da ya kamata in sani. Ƙasa da ɗakuna da rijiya duk ya sayar mini, amma ɗorawar ba ta cikin ciniki, domin ba tasa ba ce, ta gwaggonsa ce. Mai unguwa ya gyaɗa kai ya ce haka ne, a nan ana iya sayar da fili itacen da ke ciki yana hannun wani. Na ce ba komai, za mu daidaita. A zuciyata kuwa dariya nake yi. Na ga irin wannan a Ikko, inda in ka sayi fili 'ya'yan masu ƙasa za su zo ran haƙa tushe, su dawo ran ɗora rufi, kowane zuwa da tasa buƙatar. Na gani a Kwatano, inda bayan ciniki wani kawu zai ɓullo da takarda. Na ce a raina ashe har nan dabarar ta iso, sai dai su da tsohuwa suke yin ta. Matata ta ce mini a hanya, Alhaji maganar itacen nan fa ba wasa ba ce. Na ce mata ita tun tana yarinya ta bar garin, ba ta san yadda duniya ta koma ba.

Tsohuwar ta zo yi mana barka da zuwa. 'Yar ƙarama ce, ta ranƙwafa, amma muryarta ta fi ta girma. Suruki take kira na. Ta ƙare mini kallo ta ce ashe ni ne na ɗauke musu ɗiya ban yi golmo ba, wato noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinya shekara da shekaru kafin a ba shi ita. Ta ce da ganin tafin hannuna ko fartanya ban taɓa gaisawa da ita ba. Aka yi ta dariya, ni ma na yi. Da za ta tafi na bi ta ƙofa na ce Gwaggo ta faɗi abin da take so a kan ɗorawar in biya, kowa ya huta. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta ce ita ba akuya ta kawo kasuwa ba, gaisuwa ta kawo. Na ɗauka jan farashi ne.

Na kawo bulo, na zagaye filina kaf da katanga mai tsawo irin ta birni, ɗorawa a ciki, na sa ƙofar ƙarfe. Da bazara ta yi, 'ya'yan ɗorawa suka nuna, sai ga tsohuwa da wasu mata biyu, da gora mai ƙugiya da kwanduna. Ta ƙaramar ƙofa na leƙa na ce musu yanzu gida ya yi mai shi, ba a shigo mini da hayaniya, su je zan aiko. Ban yi nufin cin haƙƙinta ba, Allah ya sani. Na sa aka kaɗe itacen tas, aka cika buhuna, na ƙara da sabulu da sukari, aka tura mata a baro. A ganina na yi abin a yaba, na hutar da tsohuwa. Kafin la'asar baron ya dawo ƙofar gidana, ko bakin buhu ɗaya ba a kwance ba. Na ce wannan butulci ne, in ba ta so ta bari.

Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya kai ni ƙara. Da an yi haka ma da na san yadda zan yi, don na saba da rigima. Gaisuwa ce kawai ta gajarce. Maƙwabta suka daina cewa yaya uwargida, sai dai ina kwana, lafiya, kowa ya wuce. Matata in ta je kasuwa sayen daddawa, matan da suka yi wasan ƙasa tare su auna mata su karɓi kuɗi, in ta yi musu yare su amsa da Hausa. A shekarun nan Kirsimeti da Babbar Sallah kusa da juna suke faɗowa. Ranar Kirsimeti ina zaune ina ganin kwanonin shinkafa suna shiga gidajen Musulmin unguwa, suna tsallake ƙofata. Da muka yi layya muka raba nama, aka karɓa aka ce an gode, amma ba wanda ya tako ya ce mun ga saƙo.

Maimakon in gane, sai na yanke shawarar sare itacen, tunda shi ne tushen fitina. Hujjoji ma na tara: jemagu, ganye a rijiya, saiwa za ta fasa katanga. Na kira mai injin yankan katako. Ya zo ya zagaya ɗorawar, ya tambayi ko ita ce ta tsohuwa, na ce ta cikin gidana ce. Ya ce to bari ya je ya sayo mai. Har yau bai dawo ba. Na biyun da na kira cewa ya yi haƙorin injinsa ya dakushe, alhali da safen na ji shi yana aiki a bayan gari.

Washegari na dawo daga masallaci na tarar da matata zaune a tsakar ɗaki, ta fiddo tsofaffin zannuwan nan tana naɗe kwanoni. Na san wannan zaman. Na ce wa ya ce mu tashi. Ta ce ba kowa, ita kaɗai za ta koma Dabai wajen ƙanenta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce a Ikko baƙuwa ce, a Kumasi baƙuwa ce, ta haƙura don ba garinta ba ne. Amma a ce a Zuru, inda aka binne cibiyarta, ta yi wa mace yare a amsa mata da Hausa, wannan ba za ta iya ba. Sannan ta gaya mini abin da da na tambaya da tuni na sani. Mahaifin tsohuwar ne ya ba ta ɗorawar ranar da aka kai ta gidan miji. Mijin ya mutu, gonaki suka koma hannun danginsa, ɗakin da take kwana ma na wani ne. A duk faɗin duniya itacen nan kaɗai ne kowa ya san nata ne. Da kalwarsa take yin daddawa, ta sayi gishiri da magani, ta sa baiko a coci, ba ta roƙi kowa ba. Ta ce da tsohuwar ta karɓi buhunan nan, da ta zama wadda nake ba sadaka, itace kuma ya zama nawa a idon kowa. Ta dube ni ta ce, kai da ka ji harshe huɗu, wannan ne ya gagare ka ji.

Na ɗaga kai na ga matankaɗinta rataye a ƙusar da ta kafa ranar da muka tare. Abin da matata ta yi shekaru tana nema, shi na ƙwace wa tsohuwa.

Na roƙe ta ta dakata da naɗin, na tafi gidan tsohuwar. Na same ta tana dafa kalwa, hayaƙi ya cika wurin. Na durƙusa na gaishe ta da yarensu. Matan gidan suka fashe da dariya, ita kuma ta ce wannan gaisuwa ce ko kiran awaki. Na ba ta haƙuri, na fiddo makullin ƙofa na ce ga nata, ta shiga duk lokacin da ta so. Ta ƙi ko taɓa shi. Ta ce abin da aka ba ka yau ana iya karɓewa gobe, kuma ita tunda take ba ta taɓa yin sallama kafin ta je wajen itacenta ba. Na mayar da makullin aljihu na tafi neman magini, don na san abin da ya rage.

Magini ya ce tunda ya fara sana'a bai taɓa ganin wanda ya biya don a rage masa gida ba. Muka rushe kusurwar gabas, aka lanƙwaso katangar ta ciki, ɗorawa ta koma waje da inuwarta duka. Ni da kaina na tuɓe riga ina jidar bulo, ina haki. Ina cikin haka sai ga tsohuwa da sandarta. Ta tsaya ta daɗe tana kallona, sannan ta ce wa matan da suka taru su shaida, yau surukinsu ya fara golmo, sai dai ya makara da shekara talatin, kuma aikin nasa ba kyau. Matata tana bakin ƙofa, ta rufe fuska da mayafi tana dariya har da hawaye. Da na shiga ciki na ga kwanoni sun koma inda suke.

Bazarar da ta biyo tsohuwa ta kaɗe itacenta da hannun matan unguwa, ana waƙa ana tsokanata. Daddawar farko da ta yi, matata ta kawo wa, ta ce ban da ni, sai na iya gaisuwa. A gindin ɗorawar nan na koyi abin da na koya na C'lela, har yanzu kuma dariya ake yi mini. Bayan wasu shekaru tsohuwar ta rasu, itacen ya koma hannun ɗiyar ƙanenta. Ba wanda ya nemi shawarata, kuma daidai ne. Yau in baƙo ya sauka a tasha yana nemana, ana ce wa ɗan kabu-kabu ya kai shi gidan mai karkatacciyar katanga.

Na rubuto ne saboda irina suna da yawa, waɗanda suka ƙare ƙarfinsu a manyan birane suna shirin komowa ƙananan garuruwa su sayi gida su huta. Ku komo, zaman akwai daɗi. Amma yawo ya koya mini gane macuci, har na kai in mai gaskiya ya yi magana sai in ji muryar macuci. Kafin ka sa hannu, ka tambayi itacen na wa ne, rijiyar wa da wa ke ɗiba, hanyar da ta ratsa filin ina ta nufa. In an gaya maka, ka yarda. In matarka 'yar garin ce, ita za ka fara tambaya. Ni dai kusurwa ɗaya ta filina na bayar, matankaɗin matata kuma yana nan a ƙusarsa.