Ƙafa Ɗaya a Cikin Fili

A farkon shekarun tamanin, mu Hausawan da ke Greensboro ba mu wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma ni ne babba. Duk gardamar da ta tashi, ta addini ce ko ta takardar hayar gida, a gabana take kwanciya. Da muka soma taruwa a falona kallon ƙwallon Amurkawa, wadda ake runguma a sheƙa da ita, sai na sayi littafin dokokinta na haddace. Ni nake warware wa jama'a hukuncin alƙalin wasa, kuma ina jin daɗin wannan matsayi fiye da yadda ya dace.

Sai ga wani Bakatsine ya zo karatu, wanda na girme shi da shekara goma. Da yamma yana ɗaukar kwalaye a wani sito a Wendover Avenue, kuma a bakin abokan aikinsa ya koyi wasan. Bai taɓa buɗe littafi a kansa ba. Kafin a jefa ƙwallo yakan ce, "Hagu za ta," kuma hagun take zuwa. Jama'a su yi ta dariya suna miƙa masa hannu.

Wata Asabar da la'asar, wani ɗan wasa ya yi tsalle a bakin layi ya cafe ƙwallo. Ƙafarsa ɗaya ta sauka a cikin fili, ɗayar a waje. Alƙali ya ce kamu ya yi.

Na gyara zama na ce, "Alƙali ya kuskure. Doka ta ce ƙafa biyu a ciki. Da idona na karanta."

Wani Bakano mai karatun noma ya ce, "Amma Malam, ko mai sharhin bai yi musu ba."

"Mai sharhi ɗan garinsu ne."

Bakanon ya juya ga Bakatsinen. "Kai fa, sarkin sito, me ka gani?"

Na ƙagu ya musa mini, domin in ɗauko littafin in kunyata shi a gaban kowa. Sai ya dubi darduma ya ce, "Malam ya karanta, ni ban karanta ba."

Bayan an watse, Bakatsinen ya tsaya har na raka shi bakin mota. Ya ɗan rusuna, ya rage murya.

"Malam, a gafarce ni. Littafin naka na 'yan ranar Lahadi ne, masu wasa don albashi. Su ake nema wa ƙafa biyu. Na yau ɗaliban jami'a ne, ƙafa ɗaya ta wadatar."

"Me ya hana ka faɗa a ciki?"

"Haba Malam, a falonka?"

Da ma ya ƙaryata ni a bainar jama'a, da na kira shi marar kunya, na sami abin riƙewa. To ga shi ya fi ni sanin wasan, ya kuma haɗa da ladabi, bai rage mini ko guda ba.

Mako na gaba an ci gaba da tambayata, amma na lura duk amsar da na bayar, sai idanu su zame zuwa fuskarsa kafin a gyaɗa kai. Ban taɓa furta kuskurena ba. Abin da na yi shi ne na sanar cewa Asabar ta zama ranar rubutun kundin digirina, kallo a gidana sai Lahadi.

Suka amsa da girmamawa. Suka koma taruwa ranar Asabar a ɗan ɗakinsa, a gaban ƙaramar talabijin marar kala, wasu a tsaye don rashin kujera. Uwargidana ce take aika musu da tuwo, kuma daga bakinta nake jin wanda ya ci wasan. Shi kuwa kowace Lahadi yakan zo gidana, ya gaishe ni, ya zauna kusa da ƙofa, har a tashi bai ce hagu ko dama ba.