Tsagar Bangon Gabas

Shekara tara muna zaune a gidanmu na Azare, ban taɓa ganin maigidana ya buga ko ƙusa a bango ba. Sai ga shi wata Asabar ya shigo da tsani da magini, wai za a kankare bangon waje a yi fenti.

Na ce, "Malam, fentin me?"

Ya ce, "Sallah mana."

Saura wata biyar Sallah. Raina bai kwanta ba. Ga magina birjik a unguwarmu, shi kuwa sai da ya je Giade ya ɗauko wani wanda bai san kowa ba, kuma ba ya magana. Ko ruwa na aika masa, kai kawai yake gyaɗawa.

Bangonmu na gabas yana da tsaga tun wata damina, daga sama har gindi, hannuna yana shiga ciki. Duk mai hankali ya san rushewa yake so a sake. Ina leƙe ta taga na ga magini yana cusa takardar buhun siminti a ramin, ya shafa siminti sama-sama, ya goge. Kafin azahar bango ya yi sumul. Malam yana tsaye yana duban hanya.

Na zargi abubuwa da yawa. Na ce ko canjin wurin aiki aka yi masa ya ɓoye mini, ko haya zai zuba. Da na matsa, sai ya ce, "Ke dai komai sai kin tona."

Ranar Laraba, tun ba a kawo fenti ba, yayana ya iso daga Bulkachuwa. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Ya zaga gidan da fara'a yana shafa bango, Malam yana biye da shi.

Yaya ya ce mini, "Ashe bai gaya miki ba? Ni zan sayi gidan, ku koma gidan ma'aikata. Shanuna zan kai kasuwa jibi. Ɗakin gabas ɗin nan kuma na Inna ne, kusa da asibiti ya fi mata."

Inna mahaifiyarmu ce, ƙafa ta daina ɗaukarta. Haushi ya kama ni. Malam ya kafe ni da ido, kallon roƙo ne ba na faɗa ba, kuma shi ya fi yi mini zafi.

Na ce, "Yaya, kar ka sayar da shanunka. Takarda ce a cikin bangon nan."

Babu wanda ya ɗaga murya. Yaya ya dubi Malam, ya daɗe, sannan ya sa takalmansa ya tafi ko ruwa bai sha ba. Ni kuma na koma ciki na ɗora tuwon mutumin da zan ci gaba da zama da shi.