Gwangwanin Baba Tobias

A bakin ƙofar Kasuwar Jalingo, jikin rumfar da nake sayar da gyaɗa, akwai wani mai gyaran takalma, Baba Tobias. Shekara goma sha tara muna maƙwabtaka, ban taɓa jin ya yi dogon zance a kan komai ba sai Gangirwal, dutsen nan na can wajen Mambila da ake cewa babu wanda ya fi shi tsawo a ƙasar nan. Shi kuwa ko gindinsa bai taɓa zuwa ba.

Abin ya samo asali ne daga takalman masu hawan dutse. In sun sauko sukan biyo ta wurinsa da takalma a yage. Kafin ya sa allura sai ya kankare busasshiyar lakar da ta maƙale a ƙasan takalmin, ya zuba a wani tsohon gwangwanin madara. Idan rana ta take, kasuwa ta yi sanyi, sai ya buɗe gwangwanin ya shinshina, ya lumshe ido. Ya ce yana jin ƙanshin jiƙaƙƙiyar ciyawa, yana jin ƙarar ruwa a ƙarƙashin duwatsu. Ni dai ƙasa nake gani, kuma na sha faɗa masa.

"Maman Hamna, ƙasan nan aro ne ya zo," in ji shi. "Wata rana zan mayar wa mai shi."

Bara ne zare ya fara ƙin shiga masa allura. Likita ya ce hasken idon zai yi ta raguwa, ba ya dawowa. Komai ya soma yi masa fari-fari. Ranar da ya gaya mini na ji tausayinsa ƙwarai, amma bakina bai iya lallashi ba. Na ce, "To Baba, da zafi-zafi akan daki ƙarfe. In za ka ga dutsen naka, ka tashi tun idon na gani."

Matarsa Caroline ta yi faɗa har ta gaji, sannan ta soya masa nama ta ɗaure a leda. Da damina ta ɗauke ya shiga mota, ya bi ta Serti ya hau Mambila, ya haɗu da wani Bafulatani mai nuna hanya, Manga. Kwana uku suna tafiya a ƙasa, gwangwanin na cikin jakarsa. Ya ce ciyawa ta kai masa ƙirji, iska na kwantar da ita tana tashi, shanu na kiwo can ƙasa har ba a jin kukansu.

Da suka kai ƙololuwa gajimare ya rufe ko'ina. Ba kwari, ba gari, ba komai. Manga ya shiga ba shi haƙuri, ya ce rashin sa'a ne. Baba Tobias ya tuɓe takalmansa, don ba a shiga wurin babba da takalmi, ya juye ƙasar gwangwanin.

"Manga, kai me ka gani?"

"Fari kawai, Baba."

"Ni ma shi ne. Yau idona da naka ɗaya."

Yanzu ba ya ɗinki, ɗansa Jonah ne ya karɓi sana'ar da ɗawainiyar iyalin. Amma kullum yana zuwa ya zauna a benci, fuskarsa a sama. Jiya na tambaye shi ko duhun ba ya ba shi tsoro. Ya yi murmushi ya ce, "Wane duhu, Maman Hamna? Ai gajimaren ne ya biyo ni gida. Har yanzu ban sauko ba."

Na koma awon gyaɗata, na kasa cika mudu.