Ruwan Tafki da Kunnen Ɗiyata

A Kalmalo aka haife ni, gidan masunta. Yayana, wanda nake bi, kurma ne, kuma tun ina ƙarami na san dalilin da ake faɗa: wai yana rarrafe ya faɗa tafki, ruwa ya shige masa kunne ya ƙi fita. Da ya tasa sai maƙoƙo ya fito masa a wuya, aka ce shi ma ruwan ne.

Da hannu muke magana da shi. Ba wanda ya koya mana, a cikin kwalekwale muka ƙirƙiro abinmu. Akwai alamar tarwaɗa, yatsu biyu a gefen baki, akwai ta hadari, akwai ta mahaifinmu idan ya taso da faɗa. Mutum ne mai ban dariya. In ya kwaikwayi tafiyar mai unguwa sai mata sun riƙe ciki.

Da na girma na bar su, na dawo Illela ina sayar da bandar kifi ga masu ƙetarawa Konni. Na auri ɗiyar baffana, kamar yadda aka saba a gidanmu. Ɗiyarmu ta fari ta zo da jinta. In an buga ƙofa takan waiwayo, ta kuma fara cewa Baba da Inna a kan lokaci. Bayan yaye ne abin ya soma wasa da mu. Yau ka kira ta ta amsa, gobe ka tsaya a bayanta kana kira tana ta wasanta. Wata rana ta faɗo daga amalanke ta bugu a ka, daga nan kunne ɗaya ya tafi bai dawo ba. To, a makon nan uwarta ta kai ta Kalmalo biki, an kuma yi mata wanka da ruwan tafki. Ni wannan na riƙe.

Na hana a sake kai ta can. In za a yi mata wanka sai an toshe kunnuwan da auduga. Wata Bafulatana da ke kawo mana nono ta ba mu man shanu, muna ɗumama shi muna ɗiga mata, wai ya koro ruwan. Yarinyar takan kwanta a cinyar uwarta, idonta a kaina.

Yayana kuwa duk ranar kasuwa sai ya zo, da ɗan kifinsa a ƙunshe. Wata ranar na dawo gida na tarar da su a gindin darbejiya. Ya sa yatsu a gefen baki, ita ma ta sa. Ya nuna akuya ya yi mata gemu da hannu, ta yi, ta ƙara da nata, ta murguɗa baki kamar mai tuƙa. Ban taɓa jin ta yi irin wannan dariyar ba. Ni kuwa sauran kalmomin da ke bakinta nake ji wa tsoro. Na ɗauka in hannu ya saba, harshe zai kwanta, ta zama bebiya kamar shi.

Na kama hannuwanta na sauke. Na juya wurin yayana na gaya masa kada ya sake yi mata haka, in ba zai iya ba ya tsaya a kasuwa. Da hannu na faɗa masa, don ba wata hanyar. Ya daɗe yana kallona. Ya tura ƙunshin kifin gaban yarinyar, ya sa takalmansa.

Matata ta fito daga madafa da ludayi a hannu.

"Malam, mi ya yi maka?"

"Zai lalata mata baki."

"Kai da kanka ka yi shekaru kana magana da shi, naka bakin ya lalace? Ga shi nan ko hutawa ba ya yi."

"Ki bar maganar ga."

"Na bari. Amma ɗiyar ga ba ta da abokin hira duk gidan nan sai shi."

Daga ranar a rumfata yake tsayawa. Mu gaisa, ya tambayi yarinyar da hannu, yana nuna tsayinta a daidai gwiwa, daga baya a daidai ƙugu. In ce tana lafiya. Ita kuwa a gida muna ta ɗaga mata murya. Kalmomin da na tsare mata suka dinga zubewa duk da haka. Ta zama mai yawan fushi, tana jifa da kwano in ba a gane abin da take so ba. Na sa ta makarantar allo, malamin ya yi haƙuri da ita iyakar iyawarsa, ya dawo mini da ita.

Ta fara zama budurwa yayana ya rasu. Ba a jima ba wuyanta ya soma kumbura, shi ya sa muka kai ta asibiti a Sakkwato. Likitar ta duba wuyan, ta duba kunnen, ta tambaye ni ko a dangi akwai mai irin wannan. Na ce akwai, amma shi ruwa ne ya shige masa kunne. Ta ce in zauna.

Ga abin da na fahimta. Can ciki, inda tsinke ba ya kaiwa, akwai ɗan ƙashi mai siffar katantanwa, cike da ruwa. Kowa da shi aka halicce shi, da shi ake ji. Ruwan yana da gishirinsa, kuma tun jariri na ciki jiki ke daidaita shi. A wasu gidaje abin da ke daidaitawar yakan zo da rauni. In uba na ɗauke da raunin, uwa ma haka, ko da su suna ji garau, yana iya haɗuwa a kan ɗa. Jin yakan ragu kaɗan-kaɗan, buguwa a ka takan ƙara raunin. Shi ne kuma ke kawo maƙoƙon. Ta ce tafki ba ruwansa.

Na tambaye ta maganar hannu, ko tana kashe baki. Ta ce a'a, yaro harshe yake buƙata da wuri, kowane iri. Ta tambaya ko akwai wanda ke yi da ita a gida. Matata na zaune a gefena, ta gyara mayafinta.

Daga baya ɗiyata ta sami mutanenta. Akwai kurame da ke taruwa kusa da tasha, wasu daga Konni suke zuwa, matar ɗaya daga cikinsu ta ja ta a jiki ta koya mata. Yanzu tana da aure, tana ɗinki. Sai dai hannunsu daban ne da namu na kwalekwale, kuma da sauri suke yi. In ta zo gida takan durƙusa ta gaishe ni, in tambayi mijinta, in tambayi aiki, shi ke nan abin da nake da shi ya ƙare. Wani lokaci takan fara ba ni labari, hannuwa na ta tafiya, fuskarta ta cika da abin da take faɗa. Sai ta lura ba na biye da ita. Ta yi murmushi, ta dafa kafaɗata, ta shige wurin uwarta, wadda ta koyi hannun nasu tun ina ganin abin ba na manya ba ne.