Furar da Mai Lema Ya Sha

Iya, mahaifiyar babanmu, ba ta ba da tatsuniya yadda sauran tsofaffin ƙauyenmu ke bayarwa. A wurinsu zama za ka yi ka buɗe kunne. Ita kuwa sai ta jefa ka cikin labarin. Ƙauyenmu na gefen Doguwa, in ka tsaya a bayan gari kana hango duwatsun Riruwai. Lokacin sanyi, da an sallame magariba, sai ta tara kara a ƙofar ɗakinta ta hura wuta, ta tura dankali cikin toka, mu jikokinta mu kewaye ta. Ni a lokacin ban wuce shekara tara ba.

Takan ce, "Ga wata tafe da ƙafafunta, wa zai tare ta?" Mu ce mu ne. Sai ta raba mana mutane. Wanda ta miƙa wa faifai ya ɗora a ka, shi ne Bature. Wanda ya samu sanda, mai unguwa. Totuwar masara ita ce Ɗanjuma, ɗan mai unguwa, a jingine ta kusa da wuta. Ni kullum ƙwarya take ba ni, ni ce ƙanwar Ɗanjuma. Sabo, ɗan baffanmu, ba ya yarda kowa ya taɓa faifan. Zai toshe hanci yana Turancin da babu shi a duniya, Iya ta ce, "Kai, wannan Bature naka da kirci a ƙafa, daga wace Ingila ya fito?"

Labarin ɗaya ne, ba ya sauyawa. Ana yaƙi a ƙasar Turawa, suna neman kuza, aka ce kowace unguwa ta ba da samari su je haƙa a Riruwai. Ɗanjuma ya ji, ya gudu rugar Fulani ya ɓuya. Sai wani Bature da ake kira Mai Lema ya zo da kansa, ya sauka a zauren mai unguwa. Ƙanwar ta dama fura ta kai masa. Ya sha, ya shanye, ya karɓi rago, ya dafa ƙirji ya ce wata huɗu kacal, da ruwan farko ya sauka kowa zai koma gonarsa.

A nan Iya kan dakata, ta juyo gare ni.

"To, ƙawata, Bature ya sha furarki. Yayanki na ruga. Me za ki yi?"

Tun ranar farko ta gaya mana cewa akwai hanyar da Ɗanjuma zai dawo gida da ransa, sai dai mu ne za mu nemo ta. Abin da muka sa gaba ke nan, sanyin nan gaba ɗayansa.

Ranar farko na ce zan je in kira Ɗanjuma, tunda Baturen ya ci abincin gidanmu. Ai haka muka taso muka gani: wanda ya sha ruwan gidanka ya yi maka alkawari, magana ta ƙare. In ma ya mutu, ɗansa ya gaji maganar kamar yadda zai gaji gona. Iya ta ɗauki totuwa ta matsar da ita can gefe, wurin da muka tara duwatsu muka ce Riruwai ce. Ta ce kafin ruwa ya sauka sai manyan Ingila suka yi ta rigimarsu a majalisa, waɗansu suka sauka, waɗansu suka hau, aka kira Mai Lema gida. Aka turo wani yaro mai ƙarancin magana. Mai unguwa ya ɗauki fura ya tafi wurinsa ya ce, "Ranka ya daɗe, kujerarsa ka hau, ka gaji maganarsa." Mai tafinta ya juya maganar da Turanci, sabon Baturen ya ɗaga kafaɗa. Ya ce shi bai sha komai ba, kuma takarda ta ce a ci gaba. Damina ta yi nisa, ramin kuza ya jiƙa, ya rufta da Ɗanjuma a ciki. Iya ta ɗebi toka ta rufe totuwar.

Washegari na ce ba zan kira shi ba. Ta ce to 'yan doka sun ɗaure mai unguwa a rana, Ɗanjuma ya ji labari ya fito da kansa. Toka. Na ce mu gudu da shi kudu. Ta ce a kan hanya akwai masu duba takardar haraji. Toka. Sabo ma ya gaji da mugunta, ya ce shi Mai Lema ya ƙi tafiya gida. Iya ta ce, "Maigidana, shi ma ɗan aike ne, jirgi ba ya jiran ra'ayinsa." Na bar cin dankalin. Ina tallar gyaɗa ina tunanin hanya, ina ɗebo ruwa ina tunanin hanya. Har wata baƙuwa 'yar Fulani mai kawo nono na tambaya ko a rugarsu akwai inda ɗan doka ba ya iya shiga.

Wata magariba Kawu Isa, ƙanen babanmu, ya zo shan wuta da rediyonsa. Aka ce a Ingila matar da ke mulkinsu tana rufe ramukan kwal, masu haƙa sun ƙi aiki, 'yan sanda a kan dawaki suna dukansu. Iya ta sa ya maimaita mata.

"Isa, su ma suna da 'yan rami?"

"Da yawa kuwa, Iya. Iyaye da kakanni."

"Kuma nasu ne ke dukansu?"

"Nasu ne."

Ta ce, "Ashe abin ba a kanmu ya fara ba, ba kuma a kanmu zai ƙare ba. Ni da nake cewa ko furar ce ba ta damu da kyau ba."

Ban gane nan take ba. Sai da na ga Kawu ya kashe rediyo ya sunkuyar da kai. Na dubi ƙwaryar da ke hannuna, na dubi Iya.

"Iya, ke ce kika dama?"

"Ni ce. Ni ce kuma na je rugar. Yana cewa ba zai fito ba, na ce masa, Yaya, ai ya sha."

"To ina hanyar?"

"Babu, Ladi."

"Kin ce akwai!"

"Na ce. Shekara arba'in ina nemanta ban gani ba. Na ce ko ku masu sabon kai za ku hango abin da ya ɓace mini."

Na yar da ƙwaryar, ta tsage. Na ce mata abin da ba a gaya wa babba, na ce ita da Mai Lema duk ɗaya ne. Kawu ya ɗaga hannu zai mare ni, ta riƙe shi. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma ba ni haƙuri ba. Daga ranar ta koma ba mu labaran kura da ɓauna irin na kowa, ni kuma ban sake zama kusa da ita ba, sai dai in zauna can a bayan Sabo. Ta rasu ina goyon ɗana na fari. Ni na yi mata wanka, da hannuna, amma maganar nan ba mu taɓa komawa kanta ba.

Yanzu ni ma ana ce mini Iya. Har yau in na ji a rediyo an ce shugaban Ingila ya sauka wani ya hau, ba na tambayar wane ne. Tunanina yakan tafi ga wanda tsohon shugaban ya dafa wa ƙirji jiya, ko yana ina, ko ya riga ya kira ɗan'uwansa daga maɓoya.

Jikata Hajara tana karatun kwamfuta a Kano. Hutun da ya wuce ta zo ta ce suna haɗa wasa na waya, irin wanda mutum zai zaɓi wanda zai zama, ya yi ta zaɓen abin da zai yi har ƙarshe. Tana neman labari na gida. Na ba ta wannan, ban rage komai ba. Ta yi ta rubutawa tana murna, can ta ɗago.

"To Iya, ta ina ake cin wasan?"

"Ba a ci."

"Haba dai. Sai mu ce musu akwai ɓoyayyiyar hanya, su yi ta nema. Haka ake riƙe mutane."

Na ce ta sa rugar, ta sa gudu kudu, ta sa duk dabarar da ta ga dama. Amma tun a farko, kafin yaro ya taɓa komai, a rubuta masa cewa Ɗanjuma ba zai dawo ba. Ta ce in aka yi haka ba wanda zai buga. Na ce to ta ba ni labarina, ta je ta nemi wani.