Hannun da Ya Dafa Ƙasa

Shekarun baya, lokacin ina sabon zuwa Doha, babu ranar da nake tsoro kamar Juma'a. Sauran ranaku ina gadi a ƙofar wani rukunin gidaje a Mu'aither, ko ba komai akwai motar da zan ɗaga wa shinge. Amma ranar hutu, da an sauko daga masallaci an ci abinci, sai ɗakinmu na unguwar Najma ya yi mini kaɗan. In kwanta, in tashi, in sauka in zaga titi, in dawo. Wani ɗan ɗakinmu har ya ce in ba zan zauna ba, to in daina taka masa katifa. Matata tana gida da jaririn da ban taɓa ɗauka ba, ni kuma ina nan da ƙarfin da na rasa inda zan kai shi.

Abokina direba ne, yana tuƙa wani dattijo ɗan Kanada mai aiki a harkar gas. Shi ya zo ya ce maigidansa yana neman ƙarti, kuma duk Najma bai ga wanda ya kai ni cin shinkafa ba. Ya ɗauke ni sai wani fili a Umm Salal, inda na tarar da manyan mutane sanye da hular kwano suna ture juna a kan wata ƙwallo mai siffar gwanda. Ƙwallon Amurka ke nan. A haɗa kai a yi ƙus-ƙus, a jeru, a yi karo, a hura usur, a sake haɗa kai. Na ce wa abokina wannan ai taro ya fi wasa yawa.

Dattijon shi ne kocinmu, kuma mutum ne mai son labarin da. Ya ce a can wajensu ɗalibai ne suka fara wasan, daga baya ma'aikatan garuruwa suka kafa ƙungiyoyinsu, kowane yanki da gasarsa, ba mai biyan kowa. Kakansa ma ya buga a irin wannan, ya tashi daga aiki ya zo a fasa masa baki ya koma gida yana murna. Abin da yake son dasawa ke nan a Doha shi da abokansa: 'yar gasa ta 'yan sa-kai, injiniya da direba da mai gadi duk a layi ɗaya. Ya kan ce ba rashin gwanaye ke kashe irin waɗannan ƙungiyoyi ba, rashin fili ne.

Ni ɗan kokawa ne tun ina yaro. Mahaifina ya yi suna a karkararmu, kuma shi ya koya mini. Da farko koci ya sa ni cikin masu buɗe wa mai ƙwallonmu hanya, inda doka ta ce ture kawai, ban da riƙo. Ina! Hannuna ba ya jin Turanci. Duk wanda ya kusanto ni sai na cafke shi, alƙali ya jefa ƙyallen rawaya, a mayar da mu baya. Da ya gaji sai ya mayar da ni cikin masu tsaro, waɗanda aikinsu shi ne su kama mai ƙwallo su kai shi ƙasa. Kifi ya ga ruwa. Daga ranar na daina taka katifar kowa, don ina dawowa sai barci. Duk mako nake yi ina jiran Juma'ar da a da nake gudu.

Ana nan sai mai filin ya ce zai rage mana lokaci a zango mai zuwa. Aka yi shawara cewa ƙungiyar da ta zo ƙarshe ita za ta fita. Mu da wata ƙungiya muke kutal a ƙasa, kuma da su za mu buga wasan ƙarshe. Makon nan ko abinci ban ci da daɗi ba. Na san idan muka fita, ni dai ɗakin Najma zan koma.

Wasa ya zo ƙarshe muna gaba da ɗan kaɗan, saura su yi yunƙuri ɗaya. Suka miƙa wa wani siririn saurayi ƙwallo, ya nufo gefena. Na tare shi, na kama ƙugunsa, na sa masa kafaɗa. Ya yi tangal-tangal, ya dafa ƙasa da tafin hannunsa.

Sai na sake shi.

Ban yi tunani ba, jikina ne ya yi. A fagen da na tashi, wanda ya dafa ƙasa an kayar da shi, magana ta ƙare. Ba a danne shi, ba a bi shi da nauyi, don yana da iyaye a cikin 'yan kallo. Na juya na ɗaga hannuwa sama ina jiran shewa. Abin da na ji shi ne muryar abokina tana tsagewa: "Kai, ƙato, bi shi! Yalla, bi shi!" A dokarsu tafin hannu ba faɗuwa ba ne, sai gwiwa ko jiki ya taɓa ƙasa. An faɗa mini wannan tun farko, na kuma gyaɗa kai. Kafin in waiwaya yaron ya kai ƙarshen fili, sun cinye mu, fili ya zama nasu.

Ba wanda ya zage ni, kuma shi ya fi ciwo. Koci ya tambaye ni abin da ya faru, na yi masa bayani da guntun Turancina. Sai ya dafa kafaɗata ya tafi tattara hulunan kwano. Mun yi ƙoƙarin haɗuwa a wani fegi bayan nan, amma yau wannan yana aiki, gobe wancan ya yi tafiya, har ƙungiya ta watse.

Juma'ar da ta biyo baya na rasa inda zan sa kaina, sai na kira mahaifina. Na yi ta yi masa bayanin hular kwano da ƙyallen rawaya da filin da muka rasa, yana saurare. Na tabbata bai gane ko rabi ba.

"Tsaya," ya ce. "Hannunsa ya taɓa ƙasa ko bai taɓa ba?"

"Ya taɓa, Baba."

"Ka danne shi?"

"A'a."

"To madalla. Ka kayar da mutum, sauran kuma rigimarsu ce."

Na yi dariya har hawaye ya zubo, kuma ba duka na dariya ba ne.

Har yau ban yanke wa kaina hukunci ba. Na jawo wa mutanen da suka karɓe ni asarar abin da suke so, wannan gaskiya ne, kuma idan ka shiga fagen wasu dokarsu ce doka. Allah ya yi wa mahaifina rasuwa, yanzu ni nake koya wa ɗana kamun ƙugu duk lokacin da na je hutu. Ranar da ya fara sa wani yaro ya dafa ƙasa, ya ɗago yana kallona ko ya danne. Na buɗe baki, sai na ji muryar Baba ce ta fito, na ce ya sake shi.