Amyoyina da Audugar Sani

Akwai wata safiya ta ƙarshen damina da har yau ba ta fita raina ba, kuma ina so ku masu shiga kiwon zuma yanzu ku ji labarinta.

A farkon shekarun 1980 na yi ritaya ina hedimastan firamare a Tsiga. Ban daɗe da ajiye alli ba matata Ladi ta rasu. Mutumin da ya saba da hayaniyar yara, sai ga shi shi kaɗai a tsakar gida. Shirun nan ne ya kai ni ga zuma. Na koyi saƙa amya, wato dogon kwandon ciyawa da ake shafewa da kashin shanu, a turara shi, a ɗora bisa itace har ƙudan zuma su shiga. Na jera nawa a kan ɗorawoyin bakin gonata. Ina tacewa in zuba a kwalabe, ranar kasuwar Bakori in ɗaura a keke. Har Funtua ana tambayar zumar Hedimasta.

Gonar da ke maƙwabtaka da tawa ta Sani ce, wanda na koyar a aji huɗu. Shekarar nan auduga ya shuka, ta yi kyau, ta yi fure, ƙudajena suna wuni a cikinta.

Da na isa gona ran nan, tun daga nesa na ji babu ƙugin ƙudajen. A gindin ɗorawa ta farko na tarar da ƙasa ta yi baƙi da su. Wasu sun mutu, wasu suna juyawa wuri ɗaya, sun kasa tashi. Na bi sauran itatuwan, duk haka. Na zauna a kan kunyar gona, na cire hula.

Can sai ga Sani da famfon feshi a baya. Ya ajiye, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan idonsa ya kai ƙasa.

“Malam, me ya same su?”

“Yaushe ka yi feshi?”

“Jiya da hantsi. Tsutsa ce ta faɗa wa audugar, malamin gona ya ce in na ƙara jinkiri ba abin da zan tsinta. Wallahi Malam, ban san yana kashe su ba.”

Na so in yi faɗa, amma da wa? Da audugar nan zai ciyar da iyalinsa. Ni ma da na yi shekaru ina koyar da darasin gona ban taɓa jin haka ba. Na ce masa ya tashi.

Shi ya hau ya sauko da amyoyin. Saƙar cike take da zuma, amma ba ni da tabbacin maganin bai shiga ba. Muka haƙa rami muka binne duka. Yana tura ƙasa yana share ido da hannun riga.

Da yamma wata mata ta zo gidana da ƙaramar kwalba, ɗanta na goye yana tari. Na ce mata babu.

“Ko ɗan cokali ɗaya, Baba?”

“Ko ɗigo, ’yata.”

Ta daɗe a tsaye kafin ta juya. Wannan ya fi ramin yi mini ciwo.

Sai da damina biyu ta wuce kafin ƙudaje su sake shiga, su ma a ’yan amyoyi kaɗan. Daga nan Sani bai ƙara feshi ba sai ya zo ya gaya mini, kuma sai da yamma, bayan sun koma gida.

Amya taka ce, amma a gonar wani ƙudajenka ke cin abinci. Saboda haka kafin ku ɗora ko ɗaya, ku je ku gaida maƙwabta, ku tambaye su abin da za su shuka. Ni sai da na binne zumar shekara guda na koyi wannan.